Takardar da ake rubutawa da haske: za ta jure ranar Katsina?

"Assalamu alaikum Malam. Ni mai gyaran waya ne a wajen Ƙofar Ƙaura, nan Katsina. Na ji ana maganar wata takardar lantarki ta LCD wadda ake yi wa rubutu da haske, a goge da haske, kuma ba ta cin batir. Shin ita ce allon nan na yara da ake sayarwa a kasuwa, mai maɓallin gogewa? Ina so in haɗa allon lokutan salla na masallacin unguwarmu, da na farashi a shaguna, saboda matsalar wuta. Yaya kyawun rubutunta yake, kuma za ta yi a nan?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya yi wa sana'a albarka. Abin da kake son sani shi ne mece ce wannan takarda, yaya take nuna rubutu idan aka jera ta da abin da ido ya saba gani, sannan ko za ta zauna a bangon masallaci ko bakin shago ba ta lalace ba.

Mu fara raba ta da 'yan uwanta biyu, domin ana yawan haɗa su. Allon yara da kake gani a kasuwa shi ma ruwan kiristal ne a ciki, wato irin ruwan da ke cikin sikirin LCD, amma dannawar tsinken rubutu ce ke fito da zanen, ƙaramin batir mai kamar kwabo kuma shi ke gogewa idan an taɓa maɓalli. Kamfanin Kent Displays na Amurka ya fito da irinsa a 2010 da sunan Boogie Board. Na biyu shi ne E Ink, wanda ke cikin Kindle, na'urar karanta littattafai, tun 2007. Wannan babu ruwan kiristal a cikinsa sam, ƙananan ƙwayoyi ne farare da baƙaƙe da lantarki ke turawa sama ko ƙasa. Wadda ka tambaya ita ce ta uku, masu bincike na kiranta ORW, wato wadda ake sake yi wa rubutu da haske. Akasarin aikinta an yi shi ne a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Hong Kong, ƙarƙashin Farfesa Vladimir Chigrinov da Farfesa Hoi-Sing Kwok. Har yanzu ba ta zama hajar da za ka yi oda a kawo maka a kwali ba.

Abin da ke cikinta

Ka riga ka san rabin labarin, tunda hannunka ya sha ɓare sikirin. Akwai baƙar ledar nan ta sama, folaraiza, sai gilashi, sai ruwan kiristal, sai wani gilashin, sai wata folaraiza, sannan fitilar baya. A sikirin waya, gilashin cike yake da ƙananan taransisto da siraran hanyoyin wuta da ido ba ya gani, su ke umartar kowane ɗigo. A ORW an cire waɗannan gaba ɗaya. Babu wayar wuta, babu fileks, babu wurin jona batir. Shi ya sa za a iya yin ta da roba mai lanƙwasuwa, kuma shi ya sa ba ta cin wuta.

To me ke juya ruwan kiristal ɗin? Sai mun koma kan haske. Ka ɗaure igiya ka zura ta tsakanin karan darni, ka kaɗa ta sama da ƙasa: kaɗawar za ta wuce. Ka kaɗa ta hagu da dama, karan zai tare. Haka folaraiza take, hasken da ke kaɗawa ta fuska ɗaya kawai take bari ya wuce. Su kuma ƙwayoyin ruwan kiristal dogaye ne kamar ƙwayar shinkafa, suna son kwanciya sahu-sahu, kuma suna bin alƙiblar duk bangon da suka taɓa. Idan bangon ƙasa ya ce su fuskanci gabas, na sama ya ce arewa, waɗanda ke tsakiya sai su murɗe a hankali kamar tufkar igiya. Hasken da ya shiga yana bin wannan murɗar, ya fito fuskarsa ta juya. Folaraiza ta biyu ce ke yanke hukunci ko ya wuce a ga fari, ko a tare shi a ga baƙi.

A ORW bango ɗaya a kafe yake. Ana shafa masa wata roba mai suna foliyimaid, a gasa ta a zafin da ya kai digiri 200 ko sama da haka, sannan a goge ta da ƙyallen karan-miski ta fuska ɗaya. Ɗayan bangon shi ke motsi. Ana shafa masa wani rini na dangin azo mai suna SD1, wanda kamfanin DIC na Japan ya haɗa, kaurinsa wajen nanomita 10 kacal (nanomita kashi ɗaya ce cikin miliyan na milimita). Halin wannan rini shi ne duk sirrin: idan shuɗin haske mai fuska ɗaya ya sauka a kansa, ƙwayoyinsa sai su yi ta juyawa har su gicciye wa fuskar hasken, inda ba sa ƙara shan sa, a nan suke tsayawa. Ruwan kiristal da ke manne da su sai ya bi su. Ka kashe fitila, suna nan inda ka bar su. Ka kawo haske ta wata fuskar, su sake juyawa.

Yadda ake haɗa ta a ɗakin bincike: ana narka SD1 a cikin wani sinadari mai suna DMF, kashi 1 cikin 100 ko ƙasa da haka, a ɗiga a kan gilashi mai tsabta, a juya shi a kan inji kamar zagaye 3000 a minti na tsawon daƙiƙa 30, a busar a digiri 100 na kamar minti 10. Sai a yayyafa ƙananan duwatsun tazara masu kaurin maikiron 10 (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), a kifa ɗaya gilashin, a liƙe gefuna a bar ƙofa biyu, a ɗiga ruwan kiristal a bakin ɗaya ya tsotsu da kansa, sannan a toshe. Gashin kai yana kai maikiron 70, ka ga tazarar ba ta fi kashi ɗaya cikin bakwai na gashi ba. Ƙwayar ƙurar hunturu ɗaya da ta fi maikiron 10 ta isa ta ɗaga gilashin, a ga zobe mai launin bakan gizo kewaye da ita. Wani abin lura gare ka musamman: fitilar UV da kuke busar da gam da ita a shago tana rubutu a kan rinin nan, don haka in za a yi amfani da irin wannan gam sai an rufe fuskar takardar. DMF kuma yana cutar hanta kuma yana ratsa fata, ba abin buɗewa ba ne a shagon da babu injin zuƙe iska.

Na'urar rubutun kanta ba ta da wuyar fahimta. Fitilar LED shuɗiya mai tsawon zango wajen nanomita 450, folaraiza a gabanta, sai abin da ke ɗauke da hoton, sai madubin haskawa. Hanya mafi sauƙi ta zagaye biyu ce: a haska dukan shafin ta fuska ɗaya ya zama fari fat, wannan shi ne gogewa, sannan a juya folaraiza a haska ta cikin abin rufi mai ramukan haruffa. Hanyar da ta fi wannan ita ce a sa LCD da aka ɓare wa folaraizar gaba a tsakani, kowane ɗigonsa ya juya fuskar hasken gwargwadon yadda kwamfuta ta ce, a rubuta komai a zagaye ɗaya.

Yadda take nuna rubutu

In kana son ganin kamanninta yau, ɗauko kalkuleta. Wannan fari mai duhu-duhu da ke bayan lambobin, shi ne kusan farin ORW idan an sa mata abin maido haske a baya. Dalili kuwa folaraiza mai kyau kashi 42 zuwa 44 cikin 100 na hasken ɗaki take bari ya wuce, sauran ta shanye. Hasken sai ya shiga, ya bugi bayan, ya sake fitowa ta cikin ledojin, a ƙara rage shi. Da wuya abin da ke dawowa ido ya haura kashi 35 zuwa 40. Farar takardar firinta tana maido da wajen kashi 80 ko fiye, E Ink kuma yana ɗan haura 40 domin shi ba shi da folaraiza. A masallaci bayan magariba, da fitilar caji ɗaya, wannan bambanci yana nan a fili, musamman ga dattijon da idonsa ya fara rauni.

Bambancin fari da baƙi ya danganta da yawan murɗar da rinin ya iya yi, kuma a nan ne lissafin ke da daɗi. Idan fuskar hasken da ya fito ta kauce wa folaraizar ƙarshe da digiri 30, kashi 75 ke wucewa. A digiri 45 rabi, a 60 kashi 25, a 90 babu komai. Wato kowace murɗa tana ba da nata launin toka, shi ya sa takardar ke iya nuna hoton fuskar mutum ba haruffa kaɗai ba. Matsalar ita ce kai wa digiri 90 cif yana da wuya, saboda dalili biyu. Murɗaɗɗen ruwan kiristal yana ja baya kamar igiyar da aka tufke, yana jayayya da rinin, kuma jan na ƙaruwa da yawan murɗa. Sannan a daidai 90, murɗawa hagu da murɗawa dama duk ɗaya ne gare shi, sai wani yanki ya bi nan wani ya bi can, a ga siraran layuka kamar tsagewar busasshen taɓo a inda suka haɗu. Maganin na biyun shi ne a zuba ɗan sinadarin da ke sa ruwan ya fi son gefe ɗaya. Saboda haka da yawa ana tsayawa a wajen digiri 70.

Duba abin da digiri 70 ke haifarwa. In ka jera folaraiza yadda fari zai cika, baƙin zai bar wajen kashi 12 na haske ya tsere, bambancin ya tsaya kusa da 8 da rabi bisa 1 idan ana haskowa daga baya. In kuma ka karkata folaraizar har baƙin ya rufe ruf, farin zai sauko zuwa kashi 88 na yadda yake. A ganina na biyun ya fi ga allon rubutu, domin ido ya fi jin zafin baƙin da ya koɗe fiye da farin da ya ɗan ragu. A aikace ƙyallin saman gilashi da warwatsewar haske su ke cinye sauran, shi ya sa samfuran da ake kallo da hasken ɗaki ke tsayawa a kusa da 10 bisa 1 ko ƙasa. Ya isa karatu, ya yi daidai da jarida ko ya ɗan fi ta.

Wajen kaifin zane kuwa, a nan take da fifiko na gaske. Ba ta da ɗigo-ɗigo da aka ƙera a masana'anta, duk abin da hasken ya zana shi ke fitowa. Kindle mai ɗigo 300 a inci kowane ɗigonsa wajen maikiron 85 ne, ita kuwa iyakarta tana kusa da kaurin ruwan, maikiron 10. Wasalin Larabci da ɗigon ajami za su fito tsaf. Abin da ke ɓata wannan shi ne kaurin gilashin baya. Karkata kalkuletarka ka ga inuwar da ke bayan kowace lamba: hasken ya shiga ta wani wuri, ya ratsa gilashi, ya dawo ta wani. Da gilashi mai kaurin milimita 1, inuwar ta fi ƙaramin rubutu faɗi. Roba siririya ke magance wannan. A 2018 masu bincike na Jami'ar Donghua da ke Shanghai tare da na Hong Kong suka nuna wadda kaurinta bai kai rabin milimita ba, mai lanƙwasuwa, da abin tazara saƙaƙƙe kamar raga don kada ruwan ya gudu gefe in an lanƙwasa, kuma suka samu launin ja da kore da shuɗi ta hanyar sa abin maido haske mai launi a baya. Kallo daga gefe kuwa kamar tsohon sikirin laftof ne, in ka kauce sosai tokar ta canza, wani lokaci fari da baƙi su yi musanya.

Sauri shi ne rauninta na farko. Sikirin waya yana sauya hoto sau 60 ko fiye a daƙiƙa, ita kuwa ana ƙirga nata da daƙiƙoƙi, kuma lokacin yana raguwa gwargwadon ƙarfin fitila. Mu ɗauka ana haska miliwat 100 a kan kowane murabba'in santimita na daƙiƙa 10, wato jul 1 (jul shi ne wat 1 na daƙiƙa ɗaya). Takardar A4 murabba'in santimita 624 ce, kenan jul 624 na haske. Ka haɗa abin da folaraiza ta shanye da wanda LED ta mayar zafi, ya kai jul 3000, bai cika wat 1 na awa ɗaya ba. Batir ɗin waya mai 5000mAh yana ɗauke da wajen wat 19 na awa ɗaya. Wutar ba ta da yawa. Amma kafin a zuba ta cikin daƙiƙa 10 sai an samu fitilar da ke fitar da wat 62 na tsantsar shuɗin haske a kan shafin, da fanka da ƙarfen shan zafi, a cikin rufaffen akwati domin irin wannan haske yana lahanta ido. Tsadar da aka cire daga takardar ta koma cikin na'urar rubutu. Tana da riba ne inda na'ura ɗaya za ta yi wa takardu ɗari aiki, kamar babban kanti ko katin shiga. Masallaci mai allo ɗaya bai ci wannan riba ba.

Rana, zafi da damina

Wannan shi ne abin da ya fi damuna game da shirinka. Rinin ba ya bambanta hasken na'ura da hasken rana. Hasken rana a warwatse yake, amma da zarar ya ratsa folaraizar gaba ya zama mai fuska ɗaya, ya zama alƙalami kenan, kuma abin da yake rubutawa shi ne shafi guda mai launi ɗaya. Rana tsaka tana zuba wajen miliwat 100 a kowane murabba'in santimita. Sashen shuɗi da ke tsira bayan folaraiza bai wuce miliwat 5 ko makamancin haka ba, amma a haka jul 1 yana taruwa cikin 'yan mintuna. Allon farashin da aka rataye a bakin rumfa a Babbar Kasuwa da hantsi, ba tare da kariya ba, zai koɗe kafin azahar. A cikin ɗaki hasken ya ragu sau ɗaruruwa, sai dai farin ƙwan LED da kowa ke amfani da shi yanzu asalinsa shuɗi ne mai nanomita 450 da aka lulluɓe da rawayan sinadari, daidai zangon da ake rubutu da shi. Koɗewar tana tafiya a hankali amma tana taruwa.

Kariyar ita ce leda mai tare shuɗi da UV a gaba, kuma duk abin da ya tare shuɗi rawaya yake, sai shafin ya koma kamar tsohuwar takarda, farin ya ƙara raguwa. Dole kuma a bar hanyar da hasken rubutu zai kai ga rinin, ko ta baya ko ta cire murfi. Haka ma folaraizar da ke gefen rinin: in aka manna ta dindindin, fuska ɗaya kaɗai haske zai iya shiga da ita. Shi ya sa a ɗakin bincike sau da yawa ake rubutu a kan tsurar takardar, sannan a saka ta tsakanin ledojin a duba. Alƙaluman da na kawo maka duk na irin waɗannan ƙananan samfura ne a ɗaki mai sanyi, kada ka ɗauke su a matsayin alkawarin abin da allo zai yi shekara guda a bango.

Zafi kuma yana taɓa ruwan kansa. Kowane ruwan kiristal yana da iyakar da in ya wuce sai ya zama ruwa kawai, sahunsa ya watse, rubutu ya ɓace. Wanda ake yawan gwaji da shi, 5CB, iyakarsa digiri 35 ce, wato a watan Afrilu ko a inuwar ɗakin soro a Katsina ba zai nuna komai ba. Wani mai suna E7 yana kaiwa wajen 60, amma allo mai murfin gilashi a rana ko a ƙarƙashin kwano yana iya kusantar hakan, kuma tun kafin a kai iyakar bambancin fari da baƙi ya fara sauka. Don garinmu sai haɗin da iyakarsa ta haura 90, irin na sikirin mota. Abin sauƙi a nan shi ne rinin ya fi ruwan jure zafi, don haka yawanci rubutun na dawowa idan ya huce. Laima ce ba ta da wannan rangwame. SD1 gishiri ne mai shan ruwa, kuma roba tana barin tururi ya ratsa fiye da gilashi. A watan Agusta, in liƙin gefe ba shi da kyau, lalacewar daga gefuna take farawa ta yi ciki, kuma sake haskawa ba ya gyara wurin.

Abin da ya dace da aikinka

Don allon salla da na farashi, E Ink za ka nema, domin yana kasuwa kuma shi ma ba ya cin wuta sai lokacin sauya rubutu. Akwai mai inci 7.5, ɗigo 800 da 480, fuskarsa milimita 163 da 98, ana tuƙa shi da ESP32, wata 'yar ƙaramar kwamfuta a kan allon lantarki, da batirin caji na 18650 guda. Sa ESP32 ya yi barci, ya farka sau ɗaya a rana ya sauya lokuta, ka haɗa masa agogon DS3231 don kada lokaci ya zame. Ɗauki baƙi da fari, wanda ke aiki daga digiri 0 zuwa 50. Mai ja a ciki yawanci a 40 yake tsayawa. Shi ma kada rana ta riƙa dukansa kai tsaye. Ka kuma auna nisa kafin ka saya: harafi mai tsawon santimita 2.5 ana karanta shi da kyau daga mita 3, don haka salloli biyar a kan wannan girman na mutanen sahun gaba ne ko na bakin ƙofa, na baya sai an ƙara girma ko an raba allo biyu.

Ita kuma ORW, gani ya kori ji, kuma kayan gwajin asalinta suna cikin kwandon shagonka. Ɓare folaraiza biyu daga matattun sikirin, ka goge gam ɗin da sifirit. Haɗa su ka ɗaga wajen taga, ka juya ɗaya a hankali, ka lura da yadda haske ke raguwa rabi a digiri 45 ya mutu a 90. Sannan ka cire gilashin tsohuwar kalkuleta, ka ɓare ledojinta gaba da baya har da mai azurfar, ka saka tsurar gilashin tsakanin naka biyun da suka gicciye, gefen gilashin a layi ɗaya da gefen ledar. Inda ya yi duhu zai buɗe ya yi haske ba tare da batir ba, domin ruwan da ke ciki a murɗe yake da digiri 90 tun daga masana'anta. In bai buɗe sosai ba, juya gilashin digiri 45 ka sake dubawa, domin wasu an goge bangonsu a karkace.